Silin daga ɓuntun shinkafa da garin katako: abin da mai gini a Gombe ya kamata ya sani

Shin allon da aka yi da shara zai iya zama silin ɗakin da mutum zai kwantar da 'ya'yansa? Tambayar da ke yawo ke nan tun da kayan gini suka fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kwano da katako da silin kuma suka bi sahu, domin yawancinsu ko dai daga waje ake shigo da su, ko kuma da dala ake sayen kayan haɗa su. A daidai wannan lokaci hotuna suka yi ta zagayawa a Facebook da WhatsApp: ga wani ya narka leda ya yi allo, ga ɗalibin jami'a ya matse ɓuntun shinkafa ya fitar da silin, ga wata ƙasa ana rufin gida da kwalin madara.

Mutane sun rabu biyu. Wasu na ganin an samo maganin tsadar gini, tunda ga shara nan jibge a bakin kowane injin casa, kyauta. Wasu kuma ko kusa, a wurinsu abin da aka tsinto a juji ba zai taɓa zama kayan arziki ba, cuta ce kawai za a rataya wa mutane a saman kai. Na daɗe ina sauraron wannan gardama a wurin kafintoci da birkiloli a cikin garin Gombe, abin da na lura shi ne kowa sharar yake kallo. Da wuya ka ji wani ya tambayi da me aka ɗaure ta, ko wa ya gwada allon kafin a kai shi kasuwa. A nan kuwa maganar take.

Mene ne allon haɗi?

Allon haɗi shi ne duk wani allo da aka yi da abubuwa biyu ko fiye, kowanne da aikinsa. Ɗaya shi ne jiki: garin katako, ɓuntu, takarda, zaren tsiro, toka. Ɗayan shi ne maɗauri, abin da ke riƙe su wuri ɗaya: gam, siminti, jifsam (farin ma'adinin da ake yin POP da shi) ko narkakkiyar roba. Siminti shi kaɗai idan aka yi shi siriri karyewa yake kamar fasasshen tulu. Zare shi kaɗai ba ya tsayuwa. Idan aka gama su, zaren ya hana tsagewa, simintin ya ba da tauri.

Bahaushe ya san wannan ilimi tun kafin zuwan siminti. Ramno da ake tattakawa cikin ƙasar gini, aikin da yake yi ke nan, hana bango tsagewa. Amma misalin da ya fi burge ni shi ne laso, shafen da maginan birane irin su Kano da Zariya suke yi wa soro don kada ruwa ya ci shi. Ginshiƙinsa katsi ne, wato dagwalon da ke taruwa a gindin rijiyar marina bayan an gama rini, a kwashe, a ƙona, a daka. Sai a zuba gashin jima, gashin da majema ke kankarewa daga fatar akuya, a kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Marina masana'anta ce, majema masana'anta ce, katsi da gashin jima kuwa shararsu ce. Ga kuma makuba da ake jiƙawa daga ɓawon ɗorawa. Duk wanda ya ce shara ba ta gini, to ya manta da fadar da kakansa ya yi gaisuwa a ciki.

A ƙasashen Turawa ma, allunan da muke saye yau da tsada daga shara suka faro. Masana'antar farko ta allon guntayen katako an buɗe ta a Biremen ta Jamus a 1941, lokacin yaƙi, sa'ad da katako ya yi wuya aka koma ga abin da masassaƙa ke zubarwa. Celotex, sunan da har yanzu tsofaffin kafintoci ke kiran wani nau'in silin da shi, da tuƙar rake aka fara yin sa a jihar Luwiziyana ta Amurka a shekarun 1920. Teburin ofis da durowar amarya da ake yi da MDF, asalinsu katako ne da aka niƙe aka matse da gam.

Maɗauri iri uku, hali iri uku

Na farko shi ne gam na sinadari. Ana fesa shi a kan garin katako ko ɓuntu, a shimfiɗa, a danne da injin matsi mai zafin da ke kai digiri 150 zuwa 200. Allon yana fitowa sumul, ba nauyi, ga daɗin yanka da ƙusa. Rauninsa ruwa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar durowa ta kumbura ta wargaje bayan ruwa ya shiga ɗaki ya ga halin wannan allo. Gam ɗin da ya fi arha kuma yana ɗauke da fomaldihaid, ɗan'uwan fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti, zan dawo kansa.

Na biyu shi ne siminti ko jifsam. A nan ba a bukatar zafi. A kwaɓa, a zuba a ma'auni, a danne, a bar shi ya sha iska da danshi har kwana 28 kamar kowane aikin siminti. Allon siminti yana da nauyi, yana cin baki na zarto, amma gara ba ta cin sa, wuta ba ta kama shi da sauƙi, yoyon kwano kuma ba ya narkar da shi. Na jifsam, dangin POP, ya fi kyau a ido kuma yana jure wuta, sai dai ba ya shiri da ruwa ko kaɗan.

Na uku shi ne roba. Ledar ruwan fiya wata, fasassun bokitai, jarkoki, a wanke, a niƙa, a narka, a gauraya da garin katako ko yashi. Kwalin madara da na lemo da ake shigowa da su, kusan kashi 75 cikin ɗari takarda ne, kashi 20 leda, kashi 5 alminiyam, kuma a Indiya da Burazil ana matse shi a yi kwanon rufi da alluna. Irin wannan allo ruwa ba ya yi masa komai, gara ma haka. Abokin gabarsa wuta.

Saboda haka idan aka ce maka ga "allon shara", ba a gaya maka komai ba tukuna. Ɓuntu ɗaya ne zai iya shiga cikin dukkan ukun nan, ya fito da hali uku daban.

Ɓuntun shinkafa, da dalilin da ya sa masana ke son tokarsa

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne abin da muka fi yawa da shi. Daga Dadin Kowa zuwa sauran fadamun kogin Gongola ana noman shinkafa rani da damina, injinan casa kuma sun cika garin Gombe da kewaye. Duk tan ɗaya na shanshera da aka cashe yana barin kimanin kilo 200 na ɓuntu. Idan aka ƙona wannan kilo 200, za a samu toka wajen kilo 40. Wannan toka ba irin ta murhu ba ce. Kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari nata silika ce, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, wanda shinkafa ke zuƙowa daga ƙasa ta tara a ɓawonta. Shi ya sa ɓuntu yake da kaushi, yake daɗewa bai ruɓe ba, dabba kuma ba ta samun wani abin kirki a cikinsa.

Ga abin da silikar ke yi. Idan siminti ya sha ruwa yana ƙanƙarewa, yakan bar wata ragowa irin ta farar ƙasa a jikinsa, wadda ba ta ƙara masa ƙarfi. Tokar ɓuntu da aka niƙa luƙui tana haɗuwa da wannan ragowa ta mayar da ita maɗauri, ta kuma toshe ƙananan kafofin da ruwa ke bi. Da haka ake iya rage siminti da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a maye gurbinsa da toka ba tare da aikin ya yi rauni ba. Rumawa sun yi irin wannan da tokar dutse mai aman wuta shekara dubu biyu da suka wuce, wasu gine-ginensu na nan tsaye har yau.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Sai an ƙona ɓuntun da wuta mai kima, tsakanin digiri 500 zuwa 700, da isasshiyar iska. Tsibin ɓuntun da ke cin wuta a hankali a bayan injin casa, yana turnuƙe unguwa da hayaƙi kwana da kwanaki, tokarsa rabi baƙa ce cike da gawayi, ba ta da amfani ga siminti, sai ma ta shanye ruwan kwaɓi. Idan kuma wutar ta zarce ƙima, silikar ta daskare ta koma kamar yashi, ba ta haɗuwa da komai, ƙurarta kuma tana illata huhu. Wanda ya ɗebo toka daga juji ya zuba a siminti yana cewa ya yi fasaha, ya ɓata siminti ne kawai.

Garin katako ma yana da nasa sharrin. Itace na ɗauke da sukari, sukari kuwa yana hana siminti kamawa. Birkiloli da dama sun san cewa ɗan sukari kaɗan yana iya sa kwaɓi ya ƙi bushewa. Shi ya sa ake jiƙa garin katako a ruwan zafi ko ruwan farar ƙasa a tsane shi kafin a haɗa, wani lokaci a ƙara gishirin kalsiyam don ya hanzarta kamawa. Kowane irin itace da yawan sukarinsa. Garin da aka share daga kasuwar katako gauraye yake, na itace goma a buhu ɗaya, don haka allon yau zai iya yin kyau na gobe ya ruguje. Cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa da ke Ibadan ta daɗe tana aiki a kan allon siminti da garin katako, ilimin yana nan, ba sai an je Sin ba.

Abin da Gombe ke da shi, da wanda ba ta da shi

Allah ya haɗa wa jihar nan abubuwan da a wasu wurare sai an yi tafiyar kwana biyu kafin a tara su. Ga kamfanin siminti na Ashaka a ƙaramar hukumar Funakaye, wanda ke aiki tun 1979. Ga jifsam a ƙasar Nafada. Ga shinkafa a Dadin Kowa, ga madatsar ruwan da aka kafa wa injinan lantarki masu ƙarfin megawat 40, ga kuma filin masana'antu da gwamnatin jiha ta keɓe a can. Gombe garin auduga ne da gyaɗa tun zamanin Turawa, sunan unguwar BCGA ma daga kamfanin audugar Ingila ya samo asali, karan auduga da ɓawon gyaɗa kuwa duk ana allo da su. A maƙwabta, kamfanin sukari na Numan yana fitar da tuƙar rake, ko da yake yawancinta shi yake ƙonawa a tukunyar injinsa. Har farin dagwalon kabaid da masu walda da masu gyaran jikin mota ke zubarwa a kwata, galibinsa farar ƙasa ce, kuma tana haɗuwa da tokar ɓuntu ta kama.

Abin da ba mu da shi, wanda kuma ake yawan ruɗewa a kansa, shi ne tokar kwal mai yawa. Yawancin rubuce-rubucen da ake karantowa a intanet a kan allon shara daga Indiya da Sin da Afirka ta Kudu suke, inda ake ƙona kwal a samar da lantarki, toka ta taru tsauni-tsauni. A 1999 gwamnatin Indiya ta wajabta wa masu yin bulo da ke cikin kilomita 50 daga irin waɗannan tashoshi su riƙa saka tokar a aikinsu. A Jamus da Amurka, babban kaso na allon jifsam daga wanke hayaƙin tashoshin kwal ake samun kayansa. Najeriya kuwa da iskar gas da ruwa take samar da kusan dukkan lantarkinta. Gaskiya ne ana haƙar kwal a Maiganga cikin ƙaramar hukumar Akko ana kai wa Ashaka, amma kwal ɗin da aka ƙona a tanderun siminti, tokarsa cikin simintin take narkewa. Duk wanda ya kwafo tsarin Indiya ya ce zai kafa masana'anta a kansa a nan, to ya fara tambayar inda zai samu kayan.

Inda masu tsoro suke da gaskiya

Ba na raina tsoron mutane, domin an taɓa cutar da su da allon da aka ce musu ba shi da aibu. Asbestos nake nufi, wani ma'adini mai zare-zare da ake haƙowa daga ƙasa. A 1900 wani mutumin Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya ƙirƙiro hanyar haɗa zaren asbestos da siminti, allon ya mamaye duniya saboda arha da jure wuta. Bauchi ma ta taɓa samun masana'antarsa, kuma gidajen ma'aikata da makarantu da asibitoci da yawa a yankin nan da shi aka yi musu silin. Daga baya aka tabbatar ƙurarsa na haddasa kansar huhu da ta fatar da ke lulluɓe huhu, ciwon da ba ya bayyana sai bayan shekara 20 zuwa 40. Ƙasashe fiye da 60 sun haramta shi. Manyan kamfanonin allon siminti sun koma amfani da zaren takarda tun shekarun 1980.

Wannan ya shafi maganarmu kai tsaye. Tsohon silin asbestos da aka ɓamɓare daga gini, ba sharar da ake sake sarrafawa ba ce. Idan yana nan lafiya a sama bai fashe ba, barinsa ya fi taɓa shi. Idan dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, kada a fasa, kada a yanka da inji, a binne. Ina roƙon masu rushe tsofaffin gidaje da su hana yara wasa a cikin ɓaraguzan. Ranar da wani ya fara niƙa shi yana cusawa cikin sabon allo don ya ƙara auki, ranar an shiga uku.

Sai fomaldihaid. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta saka shi cikin abubuwan da ke jawo cutar a 2004. Sabon allon gam yana fitar da shi a hankali, zafi kuma yana ƙara fitarsa. A tuna cewa a Maris da Afrilu zafin Gombe yana taɓa digiri 40, tsakanin kwano da silin kuwa ya fi haka nesa. Warin nan mai sa ido yaji da ake ji idan an buɗe sabuwar durowa, shi ne. A Turai an ƙayyade yawan da allo zai fitar. A nan, kafinta yana yanka shi yini guda ba ko ƙyalle a hanci.

Na uku wuta. A watan Yuni na 2017 gobara ta cinye dogon benen Grenfell a Landan, mutum 72 suka rasu, abin da ya yaɗa wutar kuwa allunan da aka lulluɓe jikin ginin da su ne, masu leda a tsakiya. Ba sai mun je Landan ba. Duk wanda ya ga gobara a gida mai silin PVC ya ga yadda yake narkewa yana ɗiga a kan mutane, ga baƙin hayaƙi mai shaƙe numfashi. Yawancin gobararmu daga wayar lantarki take tashi idan an kawo wuta da ƙarfi, wayoyin kuwa a cikin silin suke. A ra'ayina allon roba wurinsa waje ne: ƙofar banɗaki, benci, shinge, murfin kwata, katakon zuba kankare. Kada a rataya shi a saman mai barci, ko da an ce an saka masa maganin wuta, sai an ga takardar gwaji.

Akwai kuma sharar da ke ɗauke da guba tun daga tushe. Jifsam ɗin da ke fitowa daga masana'antar takin fosfet yana ɗauke da sinadarai masu fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan, shi ya sa Amurka ta taƙaita amfani da shi tun 1989. Robar tsofaffin talabijin da kwamfuta, jarkokin maganin feshi, katakon da aka shafa wa maganin gara, duk bai kamata su shiga allon cikin ɗaki ba. Jarkokin maganin feshi kuwa a jihar noma irin tamu ko'ina suke.

Zai yi arha kuwa?

Ba kamar yadda ake zato ba. Ɓuntu ba shi da nauyi amma yana cin wuri. Mota takan cika fal alhali ba ta ɗauki abin kirki ba, kuɗin man kuwa ɗaya ne. Don haka masana'antar allo dole ta zauna kusa da injinan casa, in ba haka ba kuɗin dako ya cinye ribar. Ga ajiya: ruwa ya taɓa ya yi fumfuna, tartsatsi ya taɓa ya kama. Gam daga waje yake zuwa, da dala. Injin matsi mai zafi yana son lantarki marar yankewa, in da dizal za a tayar da shi, allon zai fi na kasuwa tsada.

Wannan ne ya sa nake ganin allon siminti mai zaren takarda ko garin katako, da tokar ɓuntu a ciki, shi ya fi dacewa da mu. Maɗaurinsa a Ashaka ake yi. Injinsa maƙeri mai walda zai iya ƙera shi. Aikinsa bai yi nisa da na masu buga bulo ba, waɗanda sun riga sun san kwaɓi da ban-ruwa. Ƙona ɓuntun ma ba asara ba ce: zafin yana iya turara shinkafa ko busar da ita, tokar ta tafi gini, a ci riba biyu a wuta ɗaya. Ragin da mai gida zai samu ba zai kai rabin kuɗi ba kamar yadda masu talla ke cewa. Babbar ribar ita ce farashin ba zai riƙa tsalle duk ranar da dala ta motsa ba, kuɗin kuma a garin zai tsaya.

Ko an ga arha, a tuna silin kaso kaɗan ne na kuɗin gida. Waɗannan alluna na silin ne da raba ɗaki da ƙofofi. Ba sa ɗaukar nauyin gini, ba sa maye gurbin ginshiƙi ko rodi. Duk wanda ya ce maka zai ɗora bene a kansu, ka bar wurin.

Wa zai ci, wa zai rasa

Masu injin casa za su ci, abin da suke biya a kwashe musu zai koma kuɗi. Unguwannin da ke shan hayaƙi za su huta. Kwatocin da leda ke toshewa har ruwa ya ɓalle ya ƙara zaizayar da ta riga ta addabi garin Gombe za su samu sauƙi. Bishiyoyi ma haka: gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na 3G a 2019, kuma duk allon da aka yi da ɓuntu, wani itace ne ba a sare ba. Siminti kuwa shi ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ke ɗumama duniya, rage shi ko da kaɗan ne abin so ne.

Amma akwai waɗanda ba a lissafa su, kuma su suka fi damuna. Abin da muke kira shara, wani da shi yake rayuwa. Masu kiwon kaji da ɓuntu da garin katako suke shimfiɗa. Matan da icce da gawayi suka gagara, da murhun garin katako suke dafa tuwo, wasu suke suyar ƙosai da awara. Manomi yana zuba ruɓaɓɓen ɓuntu a gona. Kara kuwa abincin dabba ne, shinge ne, makamashi ne, kuma abin da ya rage shi ke mayar wa ƙasa ƙarfinta. Ranar da masana'anta ta fara saye da mota, buhun da ake ba tsohuwa kyauta ko a ɗan kuɗi kaɗan zai yi farashi. Mun ga yadda ta kasance da ƙarfe: da 'yan jari bola suka samu kasuwa mutane da yawa sun samu abin yi, amma har murfin kwata da wayar lantarki ba su tsira ba. Shi ya sa ya fi kyau a fara da abin da tabbas ƙonawa ake yi ko zubarwa, a bar karan gona a gona.

Su ma ma'aikatan a tuna da su. Ƙurar siminti da ta toka, hayaƙin narkakkiyar leda a tukunyar da ba murfi, yaran da za a ɗauka aikin tsince roba ba safar hannu. Sana'ar da ta tsabtace titi ta lalata huhun mai yin ta, ba ta yi ba.

Kafin ka saya, da kafin gwamnati ta saya

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Karɓi guntu, ka auna kaurinsa, ka jefa a bokitin ruwa awa 24. Idan ya kumbura sosai ko ya fara saɓulewa, ka san abin da zai faru ranar da kwano ya yi yoyo. Buga ƙusa kusa da baki ka ga ko zai tsage. Ɗora shi tsakanin bulo biyu ka danna tsakiya. Kara masa wuta a fili na ɗan lokaci: yana ci da kansa bayan ka janye, yana ɗiga, wane irin hayaƙi yake yi? Shinshina shi bayan ya sha rana. Sannan ka tambayi mai sayarwa abu biyu, me ke ciki, kuma da me aka ɗaure. Wanda ya ce sirrin sana'a ne, ka bar masa kayansa.

Gwajin gida ba ya nuna guba, wannan aikin ɗakin bincike ne. Hukumar SON ita ke da alhakin ingancin kaya, kuma tana da shaidar MANCAP ga abin da aka ƙera a cikin gida. Hukumar NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke lura da sharar masana'antu. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa tana nan tun 1978. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bauchi suna da sassan injiniya da na gini da ke iya auna ƙarfin allo da yadda yake shan ruwa. Abin da ke ba ni takaici shi ne ɗalibi ya yi wata shida yana haɗa allo mai kyau, a ba shi maki, a ajiye littafin a kanta, mai buga bulon da ke bayan makarantar bai taɓa jin labari ba.

Da ni ake shawara, da na ce a fara da makarantun firamare. Akwai ajujuwa barkatai a jihar nan da silinsu ya zazzago, yara na zaune ƙarƙashin kwanon da ba silin a tsakiyar bazara, malami yana magana ruwan sama na dukan rufi ba mai jin sa. A ɗauki ajujuwa goma, wasu a Yamaltu-Deba kusa da ɓuntun, wasu a cikin gari. A yi musu silin da allon siminti da tokar ɓuntu wanda jami'a ta gwada ta sa hannu, a rubuta abin da aka haɗa da kuɗin da aka kashe a manna a bango. A bar su su sha damina biyu da hunturu biyu. Sannan a kira kafintoci da birkiloli da iyayen yara, a kafa tsani, a ɗaga allo ɗaya a kowane aji, kowa ya hau ya duba bayansa da idonsa.